Daga Abuja zuwa Kainji: hanya, ruwa da cinikin kifi

Mai son zuwa Sabuwar Bussa, garin da ke kusa da madatsar ruwan Kainji a jihar Neja, daga Abuja, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya bi ta Minna da Zungeru da Tegina ya faɗa Kontagora sannan ya gangaro, ko kuwa ya ratsa ƙasar Nupe ta Lambata, Lapai, Agaie, Bida da Mokwa. Mu da muke ɗauko bandar kifi muna kawowa kasuwar Kado ta Abuja mun daɗe da barin ta farkon, saboda halin da dazukan wajen Tegina suke ciki. Ta Bida muka bi a tafiyarmu ta ƙarshen Disamba, ni da wani abokin sana'ata. Nisan ya haura kilomita 400, kuma duk wanda bai bar tashar Zuba da an sallame asuba ba, to ya shirya kwana a Mokwa.

Ba kullum ake samun motar da ke zuwa Bussa kai tsaye ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a shiga ta Mokwa, a can a sake wata. Mun biya Naira 15,000 kowace kujera zuwa Mokwa, sai 6,000 daga nan zuwa Bussa, amma kuɗin mota farashin fetur yake bi, don haka a riƙe ƙari. Mutum huɗu ake cusawa a kujerar tsakiya, biyu a gaba. Mai ciwon baya ya biya kujerun gaba duka biyun.

Daga Zuba zuwa Lambata babu abin faɗa, in ban da mahaɗar Dikko, inda tankar fetur ta faɗi ta kama wuta a watan Janairun 2025, mutane da dama suka rasu. A Lambata ake barin titin Minna a karya hagu, kuma nan ne wahalar tafiyar take farawa. Titin Lambata zuwa Bida kilomita 120 ne da 'yan kai, amma tireloli da tankokin da ke tasowa daga Legas su tsallako Jebba, da yawansu nan suke biyowa don su fita Suleja da Kaduna. Kwaltar ba don irin wannan nauyi aka shimfiɗa ta ba. Inda ƙasa ke riƙe ruwa, musamman fadamun shinkafa na wajen Agaie da Badeggi, damina tana jiƙa ƙasan titin, taya mai ɗauke da kayan da suka wuce ƙima ta danne, kwalta ta tsage, ruwa ya shiga tsagar, kafin kaka ta zama rami. Wasu wuraren an gyara su sumul, wasu kuma sai direba ya sauka gefe yana bin sawun da manyan motoci suka bari. Abin tsoro ba ramin ba ne, tirela ɗaya ce ta kafe ko ta kwanta a wuri mai matsi. In haka ta faru layi yakan kai kilomitoci, kuma ƙaramar mota ce kawai ke iya sulalewa ta cikin ƙauyuka, yaran gari suna nuna hanya ana ba su na goro. Mai tafiya da motarsa ya duba safaya da jak tun daga gida, ya kuma cika tanki a Bida.

A Bida muka ci abinci. Tuwon shinkafa da miyar wake da kifi, Naira 1,500, kuma shinkafar ta gida ce mai ƙamshi, irin wadda a kasuwar Wuse sai ka yi bincike kafin ka samu ta gaskiya. Ƙuliƙulin Bida ma ba a wuce shi, siriri ne mai yaji, yana jure tafiya. Bayan gari kaɗan sai gadar Wuya a kan kogin Kaduna, sai Kutigi, sai Enagi, sai Mokwa.

Mokwa mahaɗa ce babba: titin Ilorin da Jebba ya haɗu da na Bida, ga layin dogo na Legas zuwa Kano ya ratsa ta. Har yanzu ana ganin tabon ambaliyar 29 ga Mayun 2025 a Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, inda ruwa ya afko da asuba ya tafi da gidaje da mutane fiye da 150. Wanda ya san unguwannin a da, zai ga fili da kwazazzabo a inda ya san gidaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A tashar nan ake jiran motar Bussa ta cika, kuma shawarar da 'yan kamasho suke bayarwa gaskiya ce: in la'asar ta yi ba ka tashi ba, ka kwana. Titin ɗan fiye da kilomita 100 ne, amma ya bi ta gefen dajin Zugurma, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gandun dajin Kainji, kuma akwai dogayen wurare da ba gari, ba sabis ɗin waya.

Shingayen wannan titin na sojoji ne da 'yan banga, ba irin na cikin Abuja ba da ake ɗaga hannu a wuce. A ɗaya daga ciki soja ya leƙo ya ce, "Alhaji, ina zuwa?" Na ce, "Kainji, Yallabai, sayen kifi." Ya karɓi katin ɗan ƙasa ya duba, ya sa aka buɗe but. Kowa ya riƙe katinsa a aljihun gaba, ya cire abin jin sauti daga kunne, kada kuma ya ɗaga waya. Wannan doka ta ƙarshe ta fi tsanani a daidai madatsar, inda ake tsallake kogin Kwara a shiga ƙasar Borgu. Ba a tsayawa, ba a ɗaukar hoto.

Ko ba hoto, abin da ido ya gani ya isa. A hannun dama ruwa ne shimfiɗe har inda hazo ya haɗiye shi, a hagu kuma kogin yana fita can ƙasa cikin duwatsu. Mu mutanen Abuja tafkin Jabi muka sani, wanda mai motsa jiki ke kallon ɗaya gaɓar yana ƙirga benaye, sai madatsar Usuma da ke ba mu ruwan sha. Tafkin Kainji tsawonsa ya kai kilomita 135, daga madatsar har Yawuri a jihar Kebbi, faɗinsa kuma a tsakiya ya kusa kilomita 30. An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968. Tsayin ɓangaren kankaren mita 65 ne. An yi wa injin 12 gurbi, amma zuwa 1978 guda 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760 a haɗe. Tun 2013 kamfanin Mainstream ke gudanar da ita tare da ta Jebba da ke ƙasa da ita, wadda ke sake amfani da ruwan da Kainji ta saki.

Sabuwar Bussa gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya hallaka a cikin duwatsun kogi a 1806, tana ƙarƙashin ruwa yanzu. Mutane fiye da 40,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyukan bakin kogi da tsibirai aka sake musu matsuguni. A tsofaffin unguwanni ana ganin gidajen da gwamnati ta gina musu, na bulon siminti da lanƙwasasshen rufi, kusan kowanne an yi masa ƙarin ɗakuna na ƙasa ko na kwano, domin wanda ya zana gidan bai lissafa da cewa iyali na ƙaruwa ba. Garin ne hedikwatar ƙaramar hukumar Borgu, wadda ke cikin jihar Kwara har 1991 da aka mayar da ita Neja, kuma nan fadar Sarkin Borgu take. Bussawa ne masu gari, ga Kambari da Gungawa da Lopawa da Fulani da Nupawa da Yarbawa, amma a kasuwa da kwatar jiragen ruwa Hausa ce ke haɗa kowa.

Masauki ba ya wuya. Mun sami ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki a kan Naira 12,000. Kafin ka biya ka tambayi abu biyu: ƙarfe nawa ake tada janareta in an ɗauke wuta, kuma ruwan na rijiyar burtsatse ne ko na 'yan garuwa. Tambayar wuta takan ba baƙo mamaki, ganin ga madatsa a bayan gari. Dalilin shi ne wutar da ake samarwa a Kainji ba gari take shiga kai tsaye ba. Manyan layuka masu kilobolt 330 ne ke kwashe ta, wasu su nufi Jebba su shiga babban layin ƙasa, wani ya nufi Birnin Kebbi, daga can ma a tura wa Yamai ta Nijar. Abin da gari zai samu ya dogara da ƙananan layuka da taransifoma, kuma su ne ke lalacewa. Cikin gari da dama-dama. Amma akwai tungayen da ke kallon hasken madatsar da dare alhali ko turken wuta ba a kafa musu ba, kuma iyayensu ne suka bar gonaki da kaburburan kakanni don a yi wannan aiki. Wannan abu yana ci mini rai duk zuwan da na yi. An kafa HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, mai hedikwata a Minna, domin irin waɗannan al'ummomi, kuma ana ganin rijiyoyi da fitilun sola da rigunan ruwa da ta raba, sai dai tungayen suna da yawa ƙwarai.

Sauran hidimomi, gari yana da babban asibiti, da bankuna kaɗan, da masu POS a kowace kwana. Mai zuwa sayen kaya ya ciri kuɗinsa a cikin gari tun da yamma, domin a bakin ruwa tsaba ake so, kuma ranar kasuwa kuɗin masu POS kan ƙare kafin azahar. A nan cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa take, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, ga kwalejin koyon aikin kifi da ta kula da namun daji, ga sansanin sojan sama, ga barikin soja a Wawa. Daga Wawa titi ya rabu, ɗaya ya yi Kaiama, ɗaya ya yi Babanna a kan iyakar Jamhuriyar Benin. Gandun dajin da aka kafa a 1979, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340, a da shi ke kawo baƙi zuwa sansanin kogin Oli. Yanzu duk wanda muka tambaya amsa ɗaya ya ba mu: kada a shiga, 'yan bindiga sun yi sansani a ciki. Ba mu je ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya je.

Abin da ya kamata baƙo ya fahimta tun kafin ya sa ranar tafiya shi ne ruwan Kainji sau biyu yake zuwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, daga Agusta zuwa Oktoba. Ruwan daminar kusa ne, na kogin Sakkwato da sauran rafuka, yana zuwa da laka, launinsa kamar an dama farar ƙasa. In ya yi yawa dole a buɗe ƙofofin madatsa, shi ya sa a wannan lokacin ake gargaɗin mutanen Jebba da Patigi har Lokoja. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ya sauka a tsaunukan Gini tun da damina, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai ya iso nan garau daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu. Don haka da tsakiyar hunturu tafkin a cike yake, da farkon damina kuma a janye, kuma tsakanin cikarsa da janyewarsa akwai kusan mita 10. Komai na yankin wannan yake bi. In ruwa ya ja baya, ƙasar da ya bari mai danshi ita ake shuka albasa da masara da shinkafa a kai, kuma Fulani su gangaro da shanu su ci ciyawar burgu. Kwatar da ka sauka a Janairu, in ka koma a Yuli sai ka yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin ka taɓa ruwa.

Da sassafe muka hau acaɓa zuwa kwata, muka shiga jirgin katako mai injin Yamaha na doki 40 zuwa wata tunga da muke sayen banda. Haɗarin jirgi a wannan tafki dalilansa sanannu ne. Lokacin da aka tare ruwa ba duk itatuwa aka sare ba, kututturansu na nan tsaye a ƙasa. Da ruwa ya cika suna can zurfi, da ya fara janyewa sai su zo dab da sama, ba a ganinsu, jirgi mai gudu ya hau kai katakon gindinsa ya tsage. Sai lodi: ranar kasuwar Malale ko ta Warrah za ka ga an jera buhuna da babura, mutane sun zauna a kai, bakin jirgi da ruwa bai fi tafin hannu ba. Sai iska, wadda da hunturu takan tashi da hantsi ta tada igiyar ruwa a inda tafkin ya yi faɗi, ga hazo da ke ɓoye gaɓa. Sai tsufan jirgi, wanda ake toshe tsagarsa da tsumma da kwalta. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Warrah, kaɗan ne suka tsira. Dokar NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Kafin ka shiga, ka leƙa cikin jirgin: in yaro yana ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ka jira na gaba. Ka ɗaure rigar da igiyoyinta duka, domin wadda aka rataya a wuya kawai tana zamewa da an faɗa ruwa. Ka kuma tambayi matuƙi ko ya riƙo jarkar mai ta biyu da ya riga ya haɗa da baƙin mai, don injin da ya mutu a tsakiyar tafki da rana tsaka ba mai turawa. Kada kuma zafi ya sa ka shiga wanka a gaɓa mai ciyawa. Tsargiya ta yi yawa a nan, ta fata take shiga, sai bayan makonni mutum ya ga jini a fitsari.

A tunga sai an fara gaida Sarkin Ruwa. Muka durƙusa muka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman kaya." Ya ce, "Maraba da mutanen Abuja. Bana tarwaɗa ta yi tsada, amma ku duba." Sarkawa ne akasarin masuntan wurin, kuma kayan aikinsu a baje suke a gaɓa: kalli da ake shimfiɗawa a kwana, birgi na jefawa, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, da gura da ake nutsarwa da dusa a ciki. Abin da ya fito a safiyar akwai karfasa da kurungu da ragon ruwa da faliya, da giwan ruwa guda ɗaya da mutum biyu suka ɗauko. Dattawan wurin sun ce irin wannan giwan ruwan a da ba abin kallo ba ne. Laifin suna ɗora shi a kan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja daga gaɓa don kama ƙananan kifin nan da ake kira warangi. An hana shi, domin ba warangi kaɗai yake kwasowa ba, har da 'ya'yan manyan kifaye da ba su kai yatsa ba, amma ana ja a ɓoye, saboda masu haɗa abincin kaji da na kifi suna sayen busasshen warangi buhu-buhu.

Banda aikin mata ne. Murhun na laka ne ko na rabin ganga, da ragar waya a sama. Ana wanke kifi, a feɗe manya, a lanƙwasa tarwaɗa a soke wutsiyarta a kai ta zama zobe. Wutar farko mai ƙarfi ce, awa uku zuwa huɗu, ta dafa naman ta tsane ruwa. Daga nan a rage wuta a bar hayaƙi, ana juyawa, kwana ɗaya ko biyu. Icen kirya da na kaɗanya aka fi so, suna ba da launi ja mai ƙyalli. Wata dattijuwa ta ɗauko tarwaɗa ta miƙo mini ta ce, "Ɗana, matsa kan ka ji." Haka ake gwadawa, domin kai da ciki su ne ke ƙarshen bushewa. In ka matsa ya lotsa, ko ka karya ka ga naman ciki fari da laushi, wutar farko kawai ya sha. Zai fi nauyi a sikeli, amma kafin ya kwana uku a kwali ya yi fumfuna. Na ce, "Inna, wannan ya yi." Abu na biyu da ake dubawa shi ne ƙwaro. Ka bubbuga kifin a tafin hannu, in gari ya zubo, an fara cinsa daga ciki. Na uku shi ne wanda ya fi muni: wasu 'yan kasuwa na yayyafa fiya-fiya a kan kaya don kashe ƙwaro. Kifin da ƙuda ba ya sauka a kansa a tsakiyar kasuwar kifi, ko wanda ke da wani wari mai hawa kai a ƙarƙashin na hayaƙi, a bar shi komai araharsa. Guba ce za a kai wa mutane cikin miya. Maganin ƙwaro na gaskiya shi ne a mayar da kifin kan wuta duk bayan 'yan kwanaki. Kuma mai saye ya san ba duk tarwaɗar da ake kira ta Kainji ce ta tafki ba, akwai ta kiwo daga kududdufan wajen Monai. Tana da kyau, sai dai ta fi maiƙo, ba ta jure ajiya kamar ta ruwa, kuma bai kamata a biya ta kuɗin ta ruwa ba.

Rana ba ta yi tsaka ba muka juyo, kafin iska ta ƙarfafa. Da dare muka ci sakwara da farfesun ragon ruwa a wata rumfa kusa da tasha, Naira 2,500, kifin da a Abuja kuɗin nan ba zai sayi rabinsa ba.

Shirya kaya shi ne aikin ƙarshe, kuma a nan riba ke tsira ko ta zube. Sai kifi ya huce sarai kafin a sa shi a kwali, in ba haka ba gumi zai jiƙa shi. A shimfiɗa takardar buhun siminti mai tsabta a ƙasa, a jera manya a gindi ƙanana a sama, a huda kwalin ta gefe don iska, a ɗaure da igiya. Leda ba ta shiga wannan aiki. A mota kwalayen kifi su ne a saman lodi, nesa da jarkar fetur, domin banda tana ɗaukar wari. Kuɗin kwali dabam yake da na kujera, a kuma karɓi rasit ɗin harajin kaya tun daga Bussa a ajiye kusa, za a nema a hanya. Mun taso da asuba muka shigo Zuba bayan isha'i, saboda wata tanka da ta kafe bayan Agaie. Ramukan Lapai sun karya mana abin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na kayan, wanda a Kado sai dai a tara shi a sayar wa masu abinci a mudu. Da damina karayar takan fi haka, ga danshi, shi ya sa daga Yuli zuwa Satumba gara a sake yi wa kifin wuta a Bussa a ranar da za a taso.